Matar da Clive Bai Faɗa Mana Ba

Townsville, 20 ga Oktoba, 1968

Zuwa ga Yaya Thelma,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardata ta same ki lafiya, ke da tumakinki da wannan gwiwar da ke damun ki. Ina fatan an gama askin bana ba tare da ruwa ya ɓata ulun ba. Ni lafiyata ƙalau, sai zafin garin nan da ke neman soya ni. Shekara guda ke nan da na samu aikin gyaran layin dogo a nan arewa.

Na san abin da za ki ce. Za ki ce yau kuma wace iska ta kaɗo Lionel, mutumin da tun jana'izar mahaifiyarki Gwaggo Ivy shekara tara ko katin Kirsimeti bai aiko ba? Na karɓi laifina. Amma duk nisan zumunta, kakata da kakanki ciki ɗaya suka fito, kuma abin da na gani ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai.

Ranar Laraba na sayi kifi da soyayyen dankali, aka naɗo min a jaridar Litinin. Ina ci ina karantawa, sai idona ya faɗa kan shafin da ake tunawa da mamata. Na yanko wurin na sa miki a ciki, ki yi haƙuri da maiƙon. Ko da ya goge kafin ya iso, ga abin da aka rubuta:

"PENGILLY, Clive. Sajan na sojan sama. Ya tashi ranar 14 ga Oktoba, 1943, bai dawo ba. Shekara ashirin da biyar, har yau in jirgi ya wuce sai mun ɗaga kai. Daga matarka Bernadette da 'yarka Noelene."

Yaya, kifin nan ban ƙarasa shi ba. Suna ɗaya, rana ɗaya, muƙami ɗaya. Clive ɗinmu ne, ƙanenki, wanda ya koya min ɗana tarkon zomo a bayan rijiyarku lokacin da nake zuwa hutu. Ni dai a sanina ya ɓace a kan teku yana saurayi, haka kuma aka faɗa a coci ranar da aka yi masa addu'a.

Kin san da wannan magana? In akwai abin da manya suka ɓoye mana muna yara, yanzu ai furfura ta fara fito min, ana iya gaya min.

Naki,
Lionel

*

Gonar Pengilly, kusa da Burra, 1 ga Nuwamba, 1968

Lionel,

Na samu takardarka. Lafiyata lau, gwiwa kuma tana nan yadda ka bar ta shekara tara da suka wuce, na gode da ka tuna. An gama aski, ulun bana ba laifi.

Clive bai yi aure ba. Da ya yi, da ni zan fara sani. Ni na goya shi, ni na ɗinke masa jaka ranar da zai tafi, ni kuma na karɓi takardar wayar hukumar soja mai labarin ɓatansa daga hannun mai gidan waya a bakin shinge. A nan gidan aka kawo wayar, ba a Townsville ba. In mutum yana da mata, ai ita ake aika wa. A nan aka kawo akwatinsa da lambobinsa. Shekara goma sha shida Mama tana dafa abinci da rabonsa, tana cewa ba a ga gawa ba, wataƙila yana wani tsibiri. Duk tsawon lokacin nan ina wannan matar take?

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kai. Townsville gari ne mai dubban mutane da dubban jaridu, amma sai jaridar da ke ɗauke da sunan Clive ce ta zo ta naɗe kifinka. Ruwa ba ya tsami banza. Ban manta ba, ranar da aka binne Mama ko shayin makoki bai huce ba ka ja ni gefe kana tambaya ko zan sayar da filin rijiya, filin da mahaifinka ya mutu yana hange. Na ce a'a, ka ɗauke ƙafa. Yau ka dawo da mata da 'ya.

Ban ce kai ka shirya ba. Cewa na yi biri ya yi kama da mutum.

Kada ka je wurinta. Kada ka ba kowa adireshina. Masu bin sunan matattun sojoji suna neman abin duniya ba yau aka fara su ba.

Yayarka,
Thelma

*

Townsville, 17 ga Nuwamba, 1968

Yaya Thelma,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗin jin ulu ya yi kyau. Ni ma lafiya, mangwaro ya fara nuna, har matar da nake haya a gidanta tana roƙon mu mu kwashe.

Takardarki ta iso a makare, don ranar da ta zo na riga na je. Ki yi faɗan, amma ki ƙarasa karantawa tukuna. Maganar filin rijiya kuwa, ni da ko kaza ban iya kiwo ba, me zan yi da shi? Babana ne ya aiko ni a lokacin, na yi wauta na faɗa a ranar da ba ta dace ba.

Sunanta yana cikin littafin lambobin tarho, Pengilly guda ɗaya tak a garin. Tana da ɗan shagon ɗinki kusa da tashar jirgin ruwa. Siririya ce, gashinta ya yi fari, ba ta da yawan fara'a. Na shiga na ce ni ɗan'uwan Clive ne daga Burra. Ba ta ko tsayar da keken ba. Ta ce, "Daga Burra? Ashe akwai mutane a can."

Na ce na ga sanarwa ne. Ta ce, "Kowace shekara ina sa ta. Ka yi lattin shekara ashirin da huɗu." Sai da ta gama bakin rigar da take yi sannan ta tashi ta ɗora ruwan shayi.

Yaya, na ga takardar auren da idona. Watan Maris na 1943, kwana tara kafin a tura su New Guinea. Hannun Clive ne, da wannan "P" ɗin nasa mai kama da ƙugiya. Ta ce a wurin wankin kayan sojoji take aiki, shi kuma yana kawo riga kullum ko ba ta yi datti ba. Na tambaye ta me ya sa aka aika waya Burra. Ta ce bai sauya sunan magaji a takardunsa ba, yana jira ya gaya wa mahaifiyarsa baki da baki. Ita daga bakin wani abokinsa ta ji labarin ɓatansa, a kan titi, da cikin wata bakwai.

'Yar ta shigo kafin in tafi. Noelene, malamar firamare ce, za a yi bikinta bayan Ista. Da ta ji ko ni wane ne sai ta zauna a kan tulin yadi tana kallona kamar ta ga fatalwa. Ta ce, "Kawu, da gaske yana da yaya? Tana raye?" Uwar ta ce, "Noelene, bar mutumin ya sha shayinsa."

Ba su roƙe ni komai ba. Amma da ta rako ni bakin ƙofa yarinyar ta ce akwai abin da yake nata a gidanku, kuma tana so kafin ranar aurenta. Na ce zan gaya miki.

Ban ba su adireshinki ba. Ba su ma tambaya ba, abin da ya ɗan ɗaure min kai.

Naki,
Lionel

*

Gonar Pengilly, 30 ga Nuwamba, 1968

Lionel,

Ina lafiya. Ana shirin girbin alkama, ga zafi, ga fargabar gobarar daji, ga kuma takardarka.

To, ga shi an zo wurin. "Akwai abin da yake nata a gidanku." Ka ga ko wata ɗaya ba a yi ba an fara auna gona daga nesa. Ka san sarai Baba ya rubuta cewa rabin gonar nan na Clive ne ko na abin da ya haifa. Mahaifinka ya sani, kai ma ka sani. Wa ya gaya musu?

Takardar aure kuma, wa ya ce ba a iya kwaikwayon hannu? Ko da ta gaske ce, kai ka ga Townsville a lokacin yaƙi? Garin cike yake da sojojin Amurka, kowace yarinya da mai rakiyarta. Kwana tara da aure, miji ya tafi, sai ga 'ya. Ni ban haihu ba amma na iya ƙirga wata. Kai kuwa an ba ka shayi kofi ɗaya ka zama kawu. Tun kana yaro haka kake, duk wanda ya ba ka biskit ya saye ka. Ko dai shayin mai ɗinkin ne ya yi maka daɗi, tuzuru?

Clive ɗan gidan Metodis ne, da kansa yake kaɗa molon coci. Bai isa ya auri 'yar Katolika a ɓoye ba, ya san zuciyar Mama ba za ta ɗauka ba. Ita 'yar Hanrahan ɗin ta san da haka, shi ya sa ta jira sai da ƙasa ta rufe idon duk wanda zai ƙaryata ta.

Tambaya ɗaya. Ta ce ta taɓa rubuto mana? In ta ce haka, me ta ce an amsa mata? Ka faɗa min daidai yadda ta faɗa, kada ka yi min ado.

Thelma

*

Townsville, 15 ga Disamba, 1968

Yaya Thelma,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki fatan girbi mai albarka da Kirsimeti lafiya. Ni ina nan, hadari ya fara haɗuwa, an ce damina mai ƙarfi ce za a yi bana.

Kin karanta maganata a baibai. Abin da Noelene take so hoto ne. Ba ta taɓa ganin fuskar ubanta ba. Hoto ɗaya da uwar take da shi ambaliya ta cinye tun Noelene tana jaririya. Uwar ta gaya mata akwai wani babba a falonku, wanda ya ɗauka da kakin soja, Clive da kansa ya ba ta labarinsa. So take a ajiye shi a teburin biki. Maganar gona ko sau ɗaya ba ta fito daga bakinsu ba, ni ma ban kai ta ba. Batun ƙirga wata kuwa, an haife ta jajiberin Kirsimeti. Ki sake ƙirgawa. Zancen tuzuru na bar miki, ke ma ai ba a kai ki ɗakin kowa ba.

Yanzu ni ma ina da tawa tambayar. Na zauna na tuna duk abin da na rubuta miki, kalma bayan kalma. Ban taɓa ce miki 'yar Katolika ce ba. To, wannan a ce kin gane daga sunanta. Amma Hanrahan fa? A jarida Pengilly aka sa, a shagonta ma Pengilly ne a allo. Ni kaina a takardar aure kawai na ga sunan mahaifinta, kuma ban rubuta miki shi ba. A ina kika samo shi?

Na koma shagon jiya na yi mata tambayarki. Ta daɗe tana zare zare daga allura. Sannan ta ce, "Ka gaya wa Thelma akwai wasiƙa a wurina tun 1943. Tana nan cikin gwangwanin maɓallai, ko kusurwarta ba ta yage ba. Ba zan aika ba, ba kuma zan nuna maka ba. Ranar da ta zo da ƙafarta, a hannunta zan sa mata, a gaban Noelene."

Ban gane ba, amma na lura ta kira sunanki kamar wadda ta daɗe da saninsa. Yaya, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Mene ne ban sani ba?

Naki,
Lionel

*

Gonar Pengilly, 3 ga Janairu, 1969

Lionel,

Barka da sabuwar shekara. An gama girbi lafiya.

Tabbas kai ka rubuta sunan, ka manta ne. Ko kuma Clive ya taɓa ambatar wasu Hanrahan a wasiƙunsa, ya tsaya min a rai. Ba abin da za a yi dogon zance a kai ba ne.

Wace wasiƙa ce? Ka ga ambulan ɗin? Hatimin wane gari ne a kai? Me ya sa sai a gaban yarinyar? In tana da abin faɗa ta faɗa, ta daina yi min barazana ta bakinka.

Ka amsa da wuri.

Thelma

*

Gonar Pengilly, 9 ga Fabrairu, 1969

Lionel, ƙanena,

Ina gaishe ka, in har kana amsa gaisuwata. Jikina da sauƙi, abinci ne dai ba ya shiga.

Mako biyar ke nan kullum ina tsaye a bakin shinge lokacin zuwan motar wasiƙu. Direban har ya fara yi min ba'a, wai ko saurayi na yi. Shirunka ya gaya min komai. Ta nuna maka, ka karanta, ka ga ba ni da darajar da za a sake ɓata min tawada. Ko kuwa kun kai wa lauya. Ko wanne ne, gara ka ji daga bakina.

Kai ba ka rubuta Hanrahan ba. Ita ta rubuta.

A watan Nuwamba na 1943, mako uku bayan wayar soja, wasiƙa ta zo da sunan Mama. Ni ke ɗauko wasiƙu, don Mama tana kwance, likita ya ce ko ƙofa kada a buga da ƙarfi. Na buɗe a rumfar aski. Shafi biyu ne, da fensir. Ta ce ita Bernadette Hanrahan ce, matar Clive, Fada ne ya ɗaura musu aure, tana da ciki ya kusa. Ta ce ba ta neman komai, so take kawai ta zo ta zauna kusa da mutanen da suka san shi, kuma tana da saƙo da za ta kawo da hannunta.

Lionel, na yarda da ita tun a layi na uku. Ta ambaci tabon da ke gwiwar hannunsa, ta ce yana cin burodi da gishiri maimakon jam. Babu mai ƙirƙiro wannan.

Na gaya wa kaina don Mama na yi. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce duka ba. Haushi na ji. Yaron da na goya, wanda ba ya ɓoye min ko satar kankana, ya yi aure wata bakwai yana rubuto min labarin sauro da ruwan sama, bai ce min uffan ba. Shi ba ya nan da zan yi masa faɗa, sai na sauke a kanta.

Na amsa mata a ranar. Na ce ƙanena ba shi da mata. Na ce mun san irin matan da ke bin sojoji, ta nemi uban cikinta a wani wuri. Na ce in ta sake rubutowa zan kai wa 'yan sanda. Na sa hannu da cikakken sunana. Tata kuma na jefa a murhu.

Mama ta ƙara shekara goma sha shida. Ba sau ɗaya ba ta ce min, "Da ma ya bar ko da ɗa guda, Thelma." Ni kuma in ce, "Sai haƙuri, Mama," in juya ina wanke kwanoni.

Wannan ita ce wasiƙar da ke cikin gwangwanin. Tana da gaskiya da take son yarinyar ta ji. Abin da na faɗa a kanka da filin rijiya, na san ƙarya ne tun ina rubutawa. Ka yafe min wannan, ko ba ka iya yafe sauran ba.

Yayarka,
Thelma

*

Townsville, 24 ga Fabrairu, 1969

Yaya Thelma,

Ina gaishe ki da kyau. Ki ci abinci, don Allah.

Ban yi fushi ba, ban ga lauya ba, ban karanta komai ba. Ruwa ne ya wanke layin dogo a yamma, aka kwashe mu tun farkon Janairu muka yi mako shida a tanti, laka har cinya. Shekaranjiya na dawo na tarar da takardunki biyu a kan gadona. Da ma ta biyun na fara buɗewa.

Ba zan ɓoye miki ba, da na gama sai da na fita na zagaya unguwa sau biyu. Gwaggo Ivy nake ta gani tana ajiye farantin nan a kan tebur. Abin da kika yi ba ƙarami ba ne, kuma ba ni ne mai yafe shi ba. Nawa ɗan ƙaramin na yafe.

Amma kin sake karanta magana a baibai. Na je shagon, lokacin Noelene tana makaranta. Ban nuna mata takardarki ba, na dai ce kin gaya min abin da kika rubuta mata. Ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce, "Da bakinta ta faɗa?" Na ce da hannunta. Ta ce, "Waccan ai na ƙone ta ranar da ta zo. Kana tsammani zan ajiye irin wannan abu a gidan da 'yata za ta koyi karatu? Noelene ba ta san da ita ba. Ce mata na yi danginsa suna nesa, yaƙi kuma ya raba mutane."

Na ce to wace ce a gwangwani?

Ta ce, "Ta Clive ce. Zuwa ga Thelma."

Ya zo hutun kwana uku a watan Agusta. Kafin ya koma ya rubuta, ya liƙe, ya ce in bai dawo ba ta kai miki hannu da hannu. Shi ne saƙon da ta ce za ta kawo. Da amsarki ta zo, ta rantse ba za ki gan ta ba. Ta ce, "Ita ta hana ni mutanensa, ni kuma na hana ta maganarsa ta ƙarshe. Ban ce na fi ta tsarki ba." Ba ta taɓa buɗewa ba. Na ga ambulan ɗin daga nesa, a liƙe yake.

Bikin ranar 12 ga Afrilu ne. Ba ta ce ki zo ba, ba ta ce kada ki zo ba. Noelene ce kullum take tambayata hoton.

Naki,
Lionel

*

Gonar Pengilly, 27 ga Afrilu, 1969

Lionel,

Na iso gida lafiya, bayan kwana biyar a jirgin ƙasa, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Na tarar maƙwabcina ya kula da tumaki yadda ya kamata. Ina fatan ka warke daga rawar da ka taka a biki, wadda har yau in na tuna sai kunya ta kama ni a madadinka.

Hoton da na kai kuwa, ka gan shi a teburin bikin. A tasha ka tambaye ni abin da ya faru a shagon, na ce sai na rubuto. Ga shi.

Bernadette ta rufe ƙofa, ta zuba maɓallan a kan tebur, ta zaro ambulan daga ƙasa. Na ce ta dakata. Na juya wurin Noelene na gaya mata abin da na rubuta wa uwarta, ban rage ko kalma ɗaya ba. Fuskarta ta yi ja. Ta fita, muka ji ta a bayan shagon tana kuka. Ni da Bernadette muka zauna ba mai kallon wani. Can ta dawo ta ce, "Buɗe, Gwaggo. Ni ma ina so in ji yadda yake magana."

Gajeriya ce. Ya ce: "Thel, in wannan ta same ki to ban dawo ba, kada ki yi ta kuka, ba ya yi miki kyau. Mai kawo ta matata ce. Na so in gaya miki sau ɗari, tsoron bakinki ya hana ni. Ke kaɗai ce za ki iya shawo kan Mama. Bernie ba ta da kowa, tana kuma da ciki. Ki riƙe min su. Na san za ki yi, shi ya sa hankalina a kwance yake."

Ban iya kai ƙarshe da murya ba, Noelene ce ta karɓa ta ƙarasa. Na ba ta ta riƙe.

Ranar da zan taho Bernadette ta kawo min burodi da nama na hanya. Ta ce, "Ban yafe miki ba, Thelma. Ban kuma ce ba zan yafe ba." Na ce na ji. Na je wurin lauya a Burra kan rabon Clive. Da na gaya wa Noelene kafin in taho ta ce ba ta so, na ce ba kyauta nake yi mata ba.

Shekaranjiya aka yi taron tunawa da sojoji a gindin dutsen da aka zana sunayensu. Ka san yadda ake yi, Fasto ya kira suna, dangi su ajiye fure. Da ya kira Clive na ajiye nawa, sai na ga ban koma wurina ba. Na ce, da ƙarfi yadda na baya za su ji, "Ya bar mata, Bernadette, da 'ya, Noelene. Suna Townsville." Har mai busa ƙaho sai da ya sauke ƙahonsa.

A wurin shan shayi tsohuwa Misis Opie, ƙawar Mama, ta kamo hannuna. Ta ce, "Kai, Thelma! Da Ivy ta ga wannan rana! Yaushe kika samu labari?"

Mata kusan goma ne a tsaye da kofuna a hannu, suna jira. Da na ce bara, ba wanda zai musa.

Na ce, "Tun 1943."

Ta saki hannuna a hankali.

Ka gaishe su in ka bi ta shagon. Ka kuma rubuto, kada ka sake yin shekara tara.

Yayarka,
Thelma